Gwaggo, Motar da Ba a Kashewa

Jakin Malam Nababa ne ya fara sanin Abdulmumini, kuma bai ji daɗin sanin ba.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, kowa na jidar taki zuwa gona kafin ruwan shuka ya sauka. Aina'u ta taso ke nan daga asibitin sha-ka-tafi na Makoda, inda take aikin allurar rigakafi. Ko hijabi ba ta cire ba mahaifiyarta, Inna Kulu, ta ce ta raka jaki gona, babanta Malam Nababa yana can yana jira. Jakin ya san hanya. Ita dai tana biye da shi tana jan ƙafa, ba abin da take tunani sai tabarmar da za ta dawo ta miƙe a kai.

A gindin wani gawo suka tarar da wata gajeriyar jar mota mai ƙofa biyu, bonet a buɗe, mutum ya tusa kai ciki. Motar a tsaye take, amma ba ta yi shiru ba. Bur-bur-bur, ta yi kamar za ta mutu, sai kuma ta farfaɗo. Suna zuwa daidai bayanta ta saki wata ƙara, tau! kamar bindigar maharba.

Jaki ya yi tsalle, ya watsar da mangala, ya arce cikin gonar mutane. Taki kuwa rabi a ƙasa, rabi a jikin farin hijabin Aina'u.

"Innalillahi! Malam, mota kake gyarawa ko farauta ka fito?"

Mai gyaran ya ɗago a firgice, ƙeyarsa ta bugi bonet. Dogo ne, baƙi, idanunsa sun yi ja irin na wanda ya daɗe bai huta ba. Ya dube ta, ya dubi takin, ya sake dubanta, wannan karon ya ɗan daɗe.

"Don Allah ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wallahi ba da gangan ba ne."

"To kashe ta mana in ji abin da kake cewa!"

"Ai nan matsalar take. In na kashe ta, a nan zan wuni."

Shi ya bi jakin ya kamo shi, shi ya durƙusa ya kwashe takin da hannu. Yana ɗaure mangala yana yi mata bayani, ita kuwa tana karkaɗe hijabi tana harararsa.

Sunansa Abdulmumini, a Rijiyar Zaki yake. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Kano aka binne cibiyarsa. Sana'arsa gyaran injinan ban-ruwa da na casar gyaɗa, ita take kawo shi ƙauyukan nan. Motar kuwa ba irin ta kowa ba ce. Injinta ba shi da fistin ko ɗaya, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, rotari ake ce masa. An faɗaɗa masa hanyar shaƙar iska, an cire ƙaramar kafiretar da ya zo da ita an ɗaura babba. Aikin kafireta ta gauraya fetur da iska daidai wa daida ta ba inji, to wannan ba ta san daidai ba. Da an murɗa makulli an kashe, sai fetur ya cika wa injin ciki, fulogai su jiƙe, sai an kwance su an shanya kafin ta sake tashi. In yana son ta mutu lafiya, sai ya datse mata mai ya bar ta ta yi ta ihu har ta ƙone na cikinta, sannan ta rufe da harbi irin wanda jaki ya ji.

Aina'u ta taɓe baki. "Muna da gwaggo irinta. In ta fara mita ba ta tsayawa, in an ce ta yi shiru sai ta yi fushi da kowa."

Ya yi dariya, irin wadda ta zo masa ba shiri. Da ya roƙi lambarta, sai ta nuna masa yankan da ƙarfe ya yi masa a bayan hannu, ga taki ya shiga ciki.

"Lambata a asibiti take. Ka zo gobe a yi maka allurar tetanus, in ka jure a ba ka."

Ya zo ɗin. Mutumin da yake kokawa da injina ya runtse ido tun kafin a buɗe allurar, Aina'u ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Don ta ɗauke masa hankali ta tambaye shi me ya haɗa shi da motar da ba ta da mutunci.

Sai ya buɗe ido. Ya ce ta yayansa ce, Kamaruddeen, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya koya masa riƙon sifana. Gangar jiki ya saye ta, ya yi ta haɗa ta a hankali. Babbar kafiretar ta iso ne yana kwance a asibiti. Ya sa aka kawo masa ita kan gado, ya shafa ta, ya ce, "Mumini, in na tashi za mu ji muryarta ta gaskiya." Bai tashi ba.

Aina'u ta daina dariya. Ta manna masa auduga, ta rubuta masa lambar a bayan katin allura.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum, Likitata. Inda kika soka ya daina ciwo, amma wani wuri ya fara. Akwai allurarsa?"

"Wa alaikumus salam, Bakanike. Wannan ciwon ba a asibiti ake maganinsa ba, a zauren Malam Nababa ake yi. Ya jikin Gwaggo?"

Shi ke nan, suna ya bi mota. Samarin duniya suna tura wa 'yan matansu waƙa, Mumini kukan inji yake turawa. Ya murɗa wani kusa a kafireta, ya ɗauki sautin, ya aika. Ita kuma tsakanin allurar wannan jariri da wancan ta kara waya a kunne ta ba shi amsa.

"Yau tari take yi."

"Yau ta fi jiya ladabi, amma har yanzu da sauran mita."

"Ka ci abinci kuwa, ko kai ma fetur kake sha?"

Da babur yake zuwa zance, ya tsaya daga nesa-nesa. Inna Kulu ta san da maganar, ta kuma yarda da nutsuwarsa. Saura kawai ya turo manya su gaida Malam. Sai ƙaddara ta riga fata.

Tsakiyar damina Allah Ya yi wa Baba Sama'ilu rasuwa, ƙanin Malam Nababa, uwa ɗaya uba ɗaya. Saƙon Aina'u ya sami Mumini yana gwada Gwaggo a titin Makoda. Bai tsaya tunani ba, ya karya kan mota sai ƙauyen su Aina'u.

Wanda bai san ƙasar nan ba sai a gaya masa: ba a barin tazara tsakanin gona da gona. Hanyar gidan Malam Nababa lungu ce tsakanin darni da darni, gero ya rufe hagu da dama, mota ɗaya take ɗauka. Mumini na isa ƙofar gida ya tarar da tabarmi cike da dattawa, ya duba madubi ya hango bas ɗin masu ta'aziyya daga Dawanau tana biyo shi daga nesa. In ya murɗa makulli, Gwaggo ta toshe wa kowa hanya har la'asar. In ya datse mata mai, ta yi harbi a tsakiyar zaman makoki. Sai ya zaɓi abin da ya ga ya fi sauƙi. Ya bar ta a kunne, ya fito da gudu, ya cire takalmi ya durƙusa, da nufin ya yi gaisuwa ya matsar da ita.

Bai lura ba liman ya riga ya ɗaga hannu.

Bur-bur-bur. Hayaƙi ya turnuƙe tabarmi. Bakin liman yana motsi, ba wanda yake jin abin da yake faɗa, wasu suka shafa tun ba a gama ba. A ƙasar da ko mai keke sai ya sauka ya tura in zai wuce dattijo, mai babur kuwa tun daga nesa yake kashewa! Malam Nababa ya sauke hannu. Ya dubi saurayin, ya dubi motar, ya sunkuyar da kai.

Sai bayan an share makoki ya yi magana, kuma da Inna Kulu ya yi.

"Ƙanina ɗaya a duniya, Kulu. Ban ji addu'ar da aka yi masa ba. Ki gaya wa 'yarki kada in ƙara jin sunan yaron nan."

Aina'u ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta roƙi Inna ta yi wa Baba bayanin injin. Inna ta gwada, Malam ya ce, "An taɓa yin motar da ba ta da makulli?" Magana ta mutu a nan.

Ana cikin haka Naziru ya fito. Ɗan wani Alhaji ne da yake sayen waken Malam a Dawanau. Motarsa ko numfashinta ba a ji, takalminsa tun daga bakin darni yake cirewa. Ba shi da wani aibu, abin haushin ke nan. Aina'u ta nemi laifinsa har ta gaji, ba ta samu ba, sai dai in yana magana hankalinta yana kan wayarta. Da manyansa suka zo, Malam ya ce musu, "Ku bari a kai amfanin gona gida, sai mu zauna."

Mumini ya zo ban haƙuri da babur. Tun daga gawon nan ya kashe shi ya turo, gumi sharkaf. Ya durƙusa ya buɗe baki zai yi bayani, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ba wannan ne ya yi mini ihu ba. Wanda ya ce bai raina ni ba, ya zo da waccan motar ya kashe ta a gabana in gani. Tashi ka tafi."

Da wani saurayin ne, da washegari zai dawo da motar. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa, bakanike kuwa kowace matsala a wurinsa ta sifana ce. Mumini ya ƙudurta ba zai koma ba sai Gwaggo ta iya mutuwa shiru ta kuma tashi da murɗa ɗaya.

Haka sauran damina ta ƙare masa a ƙarƙashin bonet. Ya canza jet, wato ƙananan ramukan da fetur yake bi, ya sa ƙarami, ya sa wanda ya fi shi. Ya matse kusoshin silo, masu riƙe numfashin inji in mota tana tsaye, ya sassauta, ya sake matsewa. Ya kwance fulogi ya duba launinsa. In ya fito baƙi, mai ya yi yawa. In ya fito fari fat, mai ya yi kaɗan, wannan kuwa ajalin rotari ne, ƙarafan bakin kusurwarsa za su ƙone. Kalar ƙuliƙuli yake nema, kullum baƙi ko fari yake samu. Ya gyara ƙasa sama ta lalace, ya gyara safe rana ta warware. Yatsunsa duk ƙuna, kwalarsa ta yi masa yawa.

Mahaifiyarsa, Hajiya Amsa, ta tsaya a kansa wata rana da kwanon abincin da ya huce.

"Mumini, motar nan ta ci ƙarfin yayanka. Yanzu kuma matarka za ta cinye?"

"Na kusa, Hajiya."

"Haka shi ma yake cewa."

A can ƙauye Aina'u ita ma ta gaji. Ta gaji da zaman tabarma da Naziru tana amsa masa "to" da "haka ne". Ta gaji da shirun babanta. Kukan injin da yake shigowa wayarta ma, wanda da take jira, yanzu wani lokaci sai ta kasa buɗewa. Ranar da ta ga an fara yankan gero a gonarsu, ta zauna a bayan asibiti ta rubuta masa.

"An fara girbi, Mumini. Ka san abin da Baba ya ce wa mutanen Dawanau. Yaushe za ka zo?"

"Ki ƙara mini haƙuri kaɗan, sanyin idona. Na kusa wallahi. Ba na son ta kunyata ni a gaban Baba karo na biyu."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta.

"Na gaji. Wallahi na gaji. Baba bai ce ka zo ka tayar da ita ba, cewa ya yi ka zo ka kashe ta. Kai kunyarka kake tsoro, ni rasa ka nake tsoro, ka ga ba abu ɗaya muke tsoro ba. Ina sonka, amma ba zan yi wa babana tawaye a kan kafireta ba. Kada ka ƙara turo mini kukanta. In za ka turo wani abu, turo kanka."

Bai ba ta amsa ba. Ta ɗauka ya yi fushi, ta kashe wayar ta jefa a jaka.

Washegari da hantsi tana shara a tsakar gida ta ji shi tun daga nesa. Bur-bur-bur. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Inna Kulu ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu, yaron nan!" Su biyun suka yi zaure suka leƙa ta bayan asabari.

Malam Nababa yana zaune a ƙofar gida da abokansa dattawa biyu, yana tufkar igiya. Jar motar ta shigo lungun a hankali ta tsaya a gabansa. Mumini ya san abin da zai biyo baya sarai. Ya yi bismillah ya murɗa makulli.

Shiru. Har kukan kurciya aka ji daga kan ɗorawa.

Ya fito ya cire takalmi ya durƙusa. "Baba, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba Sama'ilu, Ya sa ya huta, Ya haskaka kabarinsa. Na yi laifi, a gafarce ni."

Malam ya ajiye igiyar. Ya ɗaga hannu, dattawan suka ɗaga, aka yi wa mamaci addu'a tun daga fari har ƙarshe, kowace kalma tana fita. Da aka shafa, Malam ya ɗan juya kai ya goge ido da bakin rawani.

"Na ji. Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. To ɗauke ta, ga amalanke nan tafe."

Gaskiya ne, amalanken shanu ce ta shigo lungun da dammunan gero, wata na biye da ita. Mumini ya shiga ya murɗa makulli. Gir-gir-gir. Ya sake. Gir-gir-gir, sai warin fetur. Masu amalanke suka fara ɗaga murya, wani mai babur ya iso ya yi ta oda, wata mata da tallan nono a ka ta raɓa ta jikin darni tana tsaki. Abin da ya gudu ranar makoki, ga shi nan ya same shi a gaban idon wanda ya fi jin kunya. A bayan asabari Aina'u ta rufe fuska.

Ya buɗe bonet ya kwance fulogi. Malam ya miƙo hannu, ya karɓa, ya shinshina, fetur ya jiƙa masa yatsa.

"Kullum haka take yi in an kashe ta?"

"Kullum, Baba."

Malam ya dubi lungun, ya dubi amalanken da suka jeru, kamar mai tuna bas ɗin ranar makoki.

"Ka san za ta yi haka yau?"

"Na sani."

"Ka kuma kashe."

"Kai ka ce, Baba."

"To me ya hana ka sayar da ita ka huta? Ƙarfe ne fa."

Mumini ya sunkuya. "Ta yayana ce. Ya rasu bai ji ta tashi daidai ba."

Dattijon ya miƙa masa fulogin. Ya tashi ya shiga zaure, sai da Inna da Aina'u suka matsa suka ba shi hanya. Ya tsaya yana kallon tsohon keken da yake jingine a bango, na Baba Sama'ilu. Tayoyinsa sun sace tuntuni, amma ba ƙura a jikinsa, kowa a gidan ya san wanda yake goge shi. Ya dafa sirdin, sannan ya fito.

"Ku kwance shanun nan ku ɗaura mata," ya ce wa masu amalanke. "Ku ja ta gindin ɗorawa. A nan za ta zauna har ta warke."

Ranar ƙauyen ya sha kallo. Bijimai biyu suna jan Gwaggo, Mumini yana riƙe da sitiyari, kansa a ƙasa, mutane suna ta shewa.

A gindin ɗorawar ya cire murfin kafireta don ta sha iska, ya leƙa ciki. Sai ya tsaya cak. Tun da ya san halinta bai ƙara kashe ta da makulli ba, kullum sai ya ƙone mata mai ƙarƙaf, saboda haka bai taɓa kallon cikinta a irin wannan hali ba. Ga maƙogwaronta guda a jiƙe, fetur na tsattsafowa ta gefe ɗaya. Ashe ba jet ba ne. Fulot ne, ɗan abin da yake yawo a kan mai ya rufe ƙofa in kwanon kafireta ya cika. An ɗaura shi ya yi sama, ba ya rufewa da wuri, ga famfon mai yana turowa da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, bai san dariya zai yi ko kuka ba.

Ba a rana ɗaya ta gyaru ba, rotari ba ya sakin mutum da sauƙi. Ya lanƙwasa harshen fulot ɗin kaɗan, ya je Kano ya samo abin rage wa famfo ƙarfi, sannan ya koma kan jet da silo tun daga farko. Kullum da safe yana gindin ɗorawa. Malam kuma sai ya dawo da tufkar igiyarsa can, wai inuwar ta fi. Jefi-jefi yakan ce, "Yau ta fi jiya hankali." Kwanon fura yakan fito daga cikin gida, ba a faɗin wanda ya dama.

Ranar da fulogi ya fito kalar ƙuliƙuli, Gwaggo ta zauna da wata murya mai kauri, a hankali, ba tari ba harbi. Mumini ya kashe, ya jira, ya murɗa, ta tashi. Ya jingina goshi da sitiyari kafaɗunsa suna rawa. Malam ya ga hakan, ya mayar da ido kan igiyarsa, ya ƙyale shi ya gama.

Da yammar Malam ya sa Inna Kulu ta tambayi Aina'u wanda take so, ko da yake ya san amsar. Ya shirya da kansa ya je Dawanau. Ya ce wa Alhaji bai yi alkawari ba, cewa ya yi a zauna, ga shi ya zo an zauna, yarinya ta faɗi nata. Naziru ya ji ciwo, amma ɗan halak ne, ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Saƙon Mumini ya shigo mata tana wanke hannu a asibiti.

"Likitata, Baba ya ce in turo. An ɗage dokar hana turo kukan Gwaggo?"

"An ɗage, Bakanikena. Amma ka fara turo su kawu. Kuma ka yi barci, don Allah, ba na son ango mai jan ido."

Bayan an gama kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar Malam Nababa. Hajiya Amsa ta rungume amarya tana hawaye, ta ce, "'Yata, kin raba ni da cin abincin da ya huce." Aka kai Aina'u Rijiyar Zaki ana guɗa.

Da aka kwana biyu ango da amarya suka shirya gaisuwar surukai. A Gwaggo suka zo, Aina'u a gaba da lallenta, tana ta ce masa ya rage gudu. Suka wuce gawo, suka shiga lungu. Malam yana ƙofar gida da dattawansa. Mumini ya tsaya, ya kai hannu ga makulli.

"Kai! Kai! Bar ta!" Malam ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu. "Kada ka kashe ta!"

Mumini ya leƙo. "Baba, ai ta gyaru. Yanzu tana tashi."

"Na sani. Amma shanuna suna gona, ban yarda da ita ba tukuna." Dattawa suka fashe da dariya. Shi kuwa Malam bai yi ba. Ya matso ya dafa bonet ɗin, muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma wannan ce muryar da yayanka ya so ya ji. Bar ta ta yi. Ku fito ku gaishe ni a haka, ɗana, yanzu ina jin ku."

Suka fito suka durƙusa a gabansa, kafaɗa da kafaɗa. Aina'u ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye yana ɗiga a kan lallenta. Malam Nababa ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Sama'ilu rahama, ya roƙa wa Kamaruddeen, sannan ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Allah Ya hutar da ku, kun gaji."

Gwaggo tana gefe tana bur-bur ɗinta a hankali, kuma ba wanda bai ji addu'ar ba. Aka shafa, aka ce amin.